Hambali Ya Kasa Kashe Tsohuwa

Hambali, ɗan kabu-kabun nan na tashar Magariya da bakinsa ba ya hutawa, shi ke rubuta wasan kwaikwayon da rediyon gari ke sakawa duk Lahadi. Tauraruwar wasan wata tsohuwa ce, Iya Ƙande, mai masifa da rowar daddawa. Kowa ya san kakarsa Daso ya kwaikwaya, har da tarin nata.

To, sai matar da ke yin muryar Iya Ƙande ta ce za ta bi mijinta Damagaram. Shugaban rediyo ya kira Hambali ya ce, "Ka kashe tsohuwar nan a wasan Lahadi. In ba ka kawo ba, filinka na masu tallan magani ne."

Hambali ya sayi sabon bik na rubutu. Ya zauna gindin dogon-yaro, ya yi ta shan shayi. Shiru. Da ya rubuta "Iya Ƙande ta kwanta", sai hannu ya ƙi gaba. Ai Daso ma tun damina take fama da kumburin ƙafa a Bande, shi kuwa sai dai aike, ya kasa zuwa ya gani.

Da abin ya ishe shi, ya hau moto, babur ɗinsa na kabu-kabu, ya nufi Bande. Ya tarar da Daso kan tabarma tana ɓarar gyaɗa.

"Amarya, ashe kina nan da rai?"

"In mutu in bar wa wa kai, mijin banza? Ko goro babu. Me ya sami fuskarka, an ƙwace moton ne?"

Ya yi niyyar tsokana, sai ya fasa. Ya faɗa mata komai.

Daso ta yi dariya har tari ya taso. "Au! Wato raina a bakin bik ɗinka yake? Yaro, ranar da Allah ya yanke ba zai nemi shawararka ba. Zauna, ni zan kashe ta. Rubuta: ta ci tuwo da miyar kuka ta ƙoshi. Ban yarda ta tafi da yunwa ba."

Ya buɗe kaye, littafin rubutunsa.

"Ta tara surukai ta gaya wa kowa laifinsa. Ta rabar da daddawar nan kaf."

"Kaf? Iya Ƙande?"

"To, ta rage ƙulli biyu. Sannan jikanta ya shigo."

"Ba ta da jika a wasan, Kaka."

"Sai ka sa mata! Ya zo ya zauna ya matsa mata ƙafa, ba ya maƙale a Magariya yana aiko da gaisuwa ba."

Hambali ya sunkuyar da kai. Ya ɗora kayen a gwiwa, ya jawo ƙafarta da hannun hagu. Na dama kuwa ya kama gudu da rubutu, har ya wuce abin da take faɗa.

"A hankali, ɗan nema," in ji Daso. "Ƙafa ce, ba birkin moto ba."