Zazzaɓin Babur ɗin Lawwali

Ranar da Lawwali ya shigo Faskari da babur ɗin nan a bayan a-kori-kura, kafin a kira sallar la'asar labari ya gama unguwa. Lawwali mai gyaran injin ban ruwa ne, irin mutanen nan da in sun ga baƙon ƙarfe hankalinsu ba ya kwanciya sai sun taɓa shi. Ya je kasuwar Ƙanƙara neman kayan gyara, sai ya ci karo da abin a jingine bayan shagon wani mai kayan gwanjo, wata huɗu yana nan ba wanda ya ko taya. Siriri ne kamar akuyar da ta sha rani, tayoyinsa duk haƙora, tankin mai bai fi buta ba. Inda kuma ya kamata a ce kujera take, ba komai sai ɗan lotsawa. Lawwali ya ba da wani tsohon inji da ya gyara, aka ba shi babur.

Matarsa Bilki ta zagaya shi sau biyu a tsakar gida, ta riƙe haɓa.

"Baban Ikhlas, wurin zaman fa? A mota ya faɗi?"

"Haka aka ƙera shi. A tsaye ake tuƙa shi."

"To ni in za mu biki, a tsaye zan bi ka?"

Sai ya ciro waya ya nuna mata wasu mutane can wata ƙasa suna hawa duwatsu da irinsa. A hankali suke tafiya, suna ɗaga tayar gaba kamar doki, kuma duk wanda ƙafarsa ta taɓa ƙasa ya yi asara. Bilki ta kalla har ƙarshe, ta ce Allah ya kyauta, ta koma wurin tukunyarta.

Damina ce ta ja baya, dawa ta fitar da kai, ko'ina taɓo da ciyawa. Kullum in Lawwali ya rufe shago sai ya nufi wasu duwatsu a hanyar Ruwan Godiya. Ya faɗi, ya tashi, ya sale gwiwa, ya yaga wando biyu. Amma cikin mako uku sai ga shi yana hawa dutsen da ko jaki sai an lallashe shi. Abu ɗaya ne ya hana shi sakat. Da ya yi kamar minti goma yana lallaɓawa tsakanin duwatsu, sai babur ya fara wani irin wari, ƙarfinsa ya ragu, ya riƙa tsartuwar ruwan zafi ta wata 'yar roba a ƙasa, tururi na tashi kamar an buɗe tukunyar dambu.

A irin wannan hali Mas'ud ya same shi. Mas'ud taubashinsa ne, ɗan gwaggonsa, ɗan acaɓa a Sabuwa, kuma tun suna yara ba su taɓa haɗuwa sun rabu ba tare da ɗaya ya tsokani ɗaya ba. Ya tsayar da nasa babur, ya zauna daram a kan kujera yana kallon tururi.

"Bawana, shayi kake dafawa? Zuba mani kofi guda."

"Wuce ka ba ni wuri."

"Ikon Allah! Abu daga Ƙanƙara, amma zafi yake yi. Wanga ai zazzaɓi ne, ka kai shi a yi mashi allura."

Magana ta yi magana, har Mas'ud ya ce shi da babur ɗinsa na acaɓa zai hau duk dutsen da Lawwali ya hau, kuma a zaune. Suka sa rana: Juma'a ta sama, bayan la'asar, a dutsen da ke bayan Daudawa.

Saura kwana tara, babur kuwa bai fasa zazzaɓi ba. Masu ba da shawara suka yi ta zuwa shago ba a gayyace su ba. Wani ya ce a ɗaura masa ƙanƙara a leda. Aka ɗaura, ta narke kafin a fita gari. Wani ya ce a lulluɓe injin da jiƙaƙƙen buhu; buhu ya bushe ya fara hayaƙi. Bilki da kanta ta ce in yana so za ta riƙa binsa da mafici, amma sai ya sayo mata takalmin gudu. Shi kuwa abin da yake yi, duk sanda abin ya yi zafi sai ya kwarara masa ruwan sanyi daga jarka, ƙarfe ya yi ƙara, shi kuma ya ji daɗi a ransa wai ya yi magani.

Ranar Talata ya haƙura, ya sake ɗora babur a mota ya koma Ƙanƙara wurin Baba Yahya. Baba Yahya tsoho ne da ya shekara arba'in yana gyaran lagireton manyan motoci a bakin tasha, ba ya son surutu sai in shi ke yi. Ya saurari bayanin Lawwali yana ɓare goro. Da aka zo wurin ruwan jarka sai ya daina taunawa.

"Mi ka ce kana yi mashi?"

"Ina zuba mashi ruwan sanyi, Baba."

"Yana tsaka da zafi?"

"E, Baba."

"Kai in ka fito gona kana zufa, in aka kama ka aka jefa cikin randa, lafiya za ka fito? Allah ne ya so ka kan injin bai tsage ba. Kawo shi nan."

Ya durƙusa da ƙyar, ya nuna masa ɗan ƙaramin lagireto da ke maƙale a bayan tayar gaba. Ya ce baburan da suka saba hawa iskar gudu ce ke sanyaya su, shi ya sa ba ruwansu da wannan. Wannan kuwa aikinsa rarrafe ne, ba ya gudun da zai sha iska, don haka aka yi masa ruwa da fanka kamar mota. Ya sa tsinke ya sosa tsakanin siraran ƙarafan, sai ga busasshen taɓo da 'ya'yan ciyawa na zubowa, har da gawar fara guda.

"Ka toshe mashi hanci, kana mamakin yana haki."

Aka wanke lagireto a hankali daga baya zuwa gaba, Baba Yahya na kwaɓar Lawwali kada ya lanƙwasa ƙarafan. Sannan aka tayar da inji aka bar shi yana aiki. Minti biyar, minti bakwai, ƙarfe ya ɗau zafi, fanka ko motsi ba ta yi ba.

"Ka taɓa jin ta juya?"

Lawwali ya sosa ƙeya. Gaskiyar magana shi ya ɗauka ado ce. Suka kashe inji suka bi wayar fankar, sai suka tarar ɓera ya cinye ta tun tana bayan shagon mai gwanjo. Wannan kam aikin hannunsa ne, nan da nan ya haɗa ta ya naɗe. Da inji ya huce sarai, Baba Yahya ya sa tsumma ya buɗe murfin lagireto, ya ce kada ya kuskura ya buɗe shi da zafi in yana son fatar fuskarsa. Ya leƙa ciki, ya tsiyaye ruwan a kwano. Ja ne, da farin gari-gari a ƙasa.

"Ruwan rijiya?"

"Na rijiyar gidanmu ne, Baba. Mai daɗi ne."

"A bakinka. Je ka duba cikin butar shayin matarka, abin da ya daskare a ciki shi ke nan ciki."

Ya ɗauraye cikin sau uku, ya ɗauko wani koren ruwa a galan ya cika shi, ya karkata babur hagu da dama don iska ta fita, ya ƙara kaɗan. Da suka sake tayarwa, can sai ga fanka ta ɗauka da kanta, fiii. Lawwali ya yi tsalle kamar an ce an yi masa haihuwa.

Baba Yahya bai sallame shi ba sai da ya sa shi ya hau wani tarin ƙasa a bayan tasha yana kallo. Ya ce saura cuta guda, kuma ba a jikin babur take ba. "Kana riƙe kuloci rabi da rabi, kana murɗa wuta kamar mai kiran kasuwa. Duk ihun nan zafi ne. Sa giyar da ta dace, ka bar shi ya ja da kanshi. In ka tsaya hira, kashe shi. In ka dawo gida, wanke mashi hanci kafin ka wanke naka."

Ranar Juma'a mutane suka cika gindin dutsen Daudawa, har da waɗanda suka biyo Mas'ud daga Sabuwa a babura shida. Aka naɗa Malam Harisu, wani malamin firamare da kowa ya yarda ba ya son kai, ya zama alƙali. Wani manomi ya kawo jan zakara ya ce na wanda ya ci ne. Doka ɗaya ce: a kai ga bishiyar ƙirya da ke can sama, ƙafa ba ta taɓa ƙasa ba.

Mas'ud ne ya fara, kuma a gaskiya ya ba mutane mamaki. Ya iya babur. Ya haye kashi ɗaya cikin uku a zaune, yana ɗaga wa jama'a hannu. Daga nan dutse ya miƙe, ya koma giya ɗaya, ya riƙe kuloci yana ta murɗa wuta, inji na kururuwa, taya na jujjuyawa wuri guda. Ya daɗe a haka, don taurin kai ya hana shi saki. Sai wari ya tashi, babur ya yi tari biyu ya mutu. Da dabara ya jingina kafaɗarsa da wani dutse, ƙafafunsa na kan mataki, ya ce shi fa bai sauka ba, hutawa yake yi. Malam Harisu ya ce to ya huta, Lawwali ya hau.

Lawwali ya yi bisimilla ya miƙe tsaye a kan babur. A hankali ya riƙa tafiya, inji na magana ƙasa-ƙasa. Ya haye dutse na farko, ya kewaye wani rami, ya ɗaga tayar gaba ya ɗora a kan wani tudu, jama'a suka sa ihu. Da ya zo daidai Mas'ud sai fanka ta ɗauka, fiii, ya ji wani sanyi a ransa da bai taɓa ji ba. Ya wuce abinsa.

Saura taku kamar goma ya kai ƙirya, sai ya ji muryar Mas'ud a bayansa yana cewa a miƙo masa jarka. Ya waiga. Wani abokin Mas'ud ya hauro da jarkar ruwa, ya buɗe murfi, yana shirin kwararawa a kan injin da ke hayaƙi. Babur ɗin nan kuwa shi ne abincin Mas'ud da iyalinsa.

"Kai! Kada ka zuba! Zai tsage!"

Hayaniya ta hana su ji. Lawwali ya saki hannu ɗaya yana kaɗawa, yana ta ƙwala kira. Mai jarka ya ɗago kai ya tsaya. A daidai nan tayar gaba ta karkace, Lawwali ya dire ƙafar hagu a ƙasa, dam, a gaban idon kowa.

Mas'ud ya fashe da dariya har ya manta da kansa, ya zame daga jikin dutsen da ya jingina, ya dire ƙafa biyu.

Gardama ta kaure a ƙasa. Mutanen Sabuwa suka ce ƙafar Lawwali ce ta fara taɓa ƙasa. Mutanen Faskari suka ce wanda injinsa ya mutu ai tuni ya fita. Malam Harisu ya saurari kowa, ya gyara hula, ya ce ba wanda ya kai ƙirya, saboda haka zakara na su biyu ne, su je su san yadda za su yi da shi.

Lawwali ya gangaro ya zauna kusa da taubashinsa a inuwar dutse. Ya hana kowa taɓa babur ɗin Mas'ud har ya huce don kansa, ya duba baƙin mai ya ga ya yi ƙasa sosai, ya sa aka nemo aka ƙara, ya kankare taɓon da ya toshe haƙarƙarin injin. Bugu na huɗu ya tashi. Mas'ud ya daɗe yana sauraren ƙarar, ya sauke ajiyar zuciya, sannan ya ce ai dama shi ya san ba abin da zai same shi.

Washegari da hantsi suka kai zakara Sabuwa wurin mahaifiyar Mas'ud, Gwaggo Asma'u. Ta ji labari daga bakin kowannensu, ta ce dukansu ba su da aikin yi, sannan ta dafa shi da yaji da albasa ta kawo musu a kwano ɗaya. Lawwali ya miƙa hannu zai ɗauki cinya, Mas'ud ya riga shi, ya kwashe duka biyun ya ajiye a gabansa.

"Haba bawana, ƙafa ce fa ta kayar da kai jiya. Ina tausayinka. Ci fiffike."

Gwaggo Asma'u ta miƙo ludayi ta ƙwanƙwashi kan ɗanta, ta ɗauke cinya ɗaya ta sa a gaban Lawwali, ɗayar kuma ta tafi da ita ɗaki.