Sojan Ingilan da Aka Tono a Gindin Tsamiya

A Kanchanaburi, sojojin Turawan da suka mutu wajen gina wa Japanawa hanyar jirgin ƙasa a lokacin yaƙin duniya na biyu suna da makabarta mai furanni, kowa da sunansa a dutse. Leburorin da suka mutu tare da su kuwa, rami ɗaya aka zuba su. A cikin leburorin, mahaifin wata yarinya mai suna Thongbai ne ya yi sa'a. Matarsa ta sato gawarsa ta binne a gindin tsamiyar bayan gida, ta ɗaura wa bishiyar jan ƙyalle, don a garin nan ba mai sa gatari a bishiyar da ke da ƙyalle.

Thongbai ta haura tamanin tana sabunta ƙyallen, kullum safe kuma ta ajiye wa uban ɗan kwanon shinkafa.

Ɗanta Wichit, mai idon kasuwa, ya lura cewa daga gindin tsamiyar ake ganin gadar Kogin Kwai sosai, gadar da baƙi ke tururuwar ɗauka a hoto. Ranar da tsohuwar ta kwanta a asibiti ya kwance ƙyallen da hannunsa, ya sa aka sare bishiyar. Masu haƙa harsashin shagon shayinsa suka ci karo da ƙasusuwa.

Da aka sallamo ta, ta tarar da ƙasusuwan mahaifinta cikin akwatin gilashi, tsakanin teburan shagon, da awarwaron tagullan da uwarta ta sha ba ta labari. Zuciyarta ta yi baƙi ƙirin.

"Kai Wichit, me aka rubuta a allon nan?"

"Sojan Ingila, Inna, wanda ba a san sunansa ba."

"Ɗan banza! Kham sunansa. Kakanka ne!"

"Haba Inna, rage murya. Wa zai taso daga London ya zo kallon lebura?"

Washegari ta zo da shinkafarta duk da haka, ta durƙusa gaban gilashin. Motar baƙi ta sauke mutane. Wata Baturiya ta karanta allon, ta ajiye jan fure, hawaye na zuba sharɓe-sharɓe. Tun da aka binne Kham, ban da matarsa, ba wanda ya yi masa kuka irin wannan.

Baturiyar ta dafa kafaɗar Thongbai ta yi magana. Wichit ya fassara, idonsa a ƙasa.

"Wai ta gode, Inna, da kike kula da ɗansu."