Zanen da Marta ta yanka

Ni Indo ban taɓa ganin matar da ta ba ni haushi kamar Marta ba, kuma har yau ba wadda nake kewa kamarta.

Zamanin Turawa ne, ana saura 'yan shekaru su tafi, mijinta ya buɗe ɗakin magani na mishan a bayan garin Kalgo. Likita muke ce masa, ita kuma Uwar Dauda. Ni ke kai musu man gyaɗa. Ashe Kiristoci ma suna da ɗariƙu, tasu wai Manonayit. Kullum da asuba sai ka ji ta da 'ya'yanta suna waƙar addu'a, ba ganga ba tafi. Ranar da Lawali na ƙofar kasuwa ya sace mata akuya, maimakon ta kai shi gaban alƙali, sai ta aika masa da ɗan akuyar, wai kada yunwa ta kashe ɗan tunda ba uwarsa. Kai, wannan mata!

Amma abin da ya tsaya mini a rai shi ne suturarta. Matar Bature guda, ba 'yan kunne, ba awarwaro, ko zobe babu. Riga baƙa ko mai ruwan toka, da wata 'yar farar hula kamar rariya a ka. Da la'asar kuma sai ta zauna gindin tsamiya tana harhaɗa ƙyallaye da allura. Mu matan unguwa muka yanke hukunci: Likita marowaci ne, ya bar uwar 'ya'yansa da tsumma.

Na ce mata, "Uwar Dauda, in mijinki ba shi iyawa, ki faɗa muna."

Ta yi dariya ta ce, "Yaya Indo, shi ba ya hana ni. Ubangijina nake jin kunya in yi ado."

Na ce a raina, rufin asiri dai irin na mace ta gari. Na rantse sai na ga baiwar Allah nan ta ɗaura zanen mutunci ko sau ɗaya, kada a ce baƙuwa ta zauna cikinmu muka bar ta haka. Na niƙi gari har gidanmu a Gwandu, na buɗe adudun marigayiya innata, na ɗauko zanenta na saƙi mai ratsin ja, wanda ni kaina ban taɓa yarda na ɗaura ba. Da na miƙa wa Marta na gaya mata ko na wa ne, sai ta rungume shi tana hawaye. Na koma gida ina jin kaina kamar wadda ta gina masallaci.

Da na dawo da man gyaɗa ranar kasuwa, me zan gani? Zanen innata a kan tabarma, an bi shi da almakashi gunduwa-gunduwa!

Na ce, "Innalillahi! Mi kika yi haka?"

Ta taso da murna tana cewa, "Yaya, tsaya in nuna miki inda zai shiga."

Ban tsaya ba. Na zazzaga mata abin da ke bakina, wanda ta ji da wanda Hausarta ba ta kai ba, na ɗauke tuluna na fita. Daga ranar ban sake taka gidan ba. Ita kuwa duk Lahadi sai ta aiko mini da gurasar da take gasawa, ni kuma in mayar. To, wani lokaci nakan ci rabi.

Da damina ta yi tsakiya zazzaɓi ya kayar da ita, bai ɗaga mata ba har ta rasu. Likita da kansa ya zo ƙofar gidana da hantsi, idanunsa jawur.

Ya ce, "Yaya Indo, ta ce ke za ki shirya ta."

Na bi shi muka tafi. Rafi ya cika, ba hanyar samo katakon da za a yi akwatinsu na gawa. Likita ya ce ai ta riga ta faɗi abin da za a naɗe ta da shi, ya shimfiɗa wani bargo na ƙyallaye, wanda ta daɗe tana ɗinki. Ya riƙa nuna mini da yatsa. Wannan daga rigar uwarta ne, wannan na kakarta, wannan rigar da ta sa ranar aurensu. Wannan ɗan fari kuma na Rahila ne, jaririyarsu da ke kwance can bayan tsamiya. Ya ce a wurinsu tufar dangi kaɗai ke shiga irin wannan bargo.

Kewaye da ƙyallen Rahila, ta ko'ina, saƙin innata ne mai ratsin ja.

Na zauna daɓas a ƙasa na yi kuka irin wanda ban yi ba tun rasuwar innata. Sannan na tashi na wanke ta, na gyara mata 'yar hularta, na naɗe ta. Mu da muke ado duk rayuwarmu, da farin ƙyalle muke tafiya. Ita da ta ƙi ado, duk Kalgo ba a taɓa rufe wanda ya kai ta kwalliya ba.

Har yau ina cewa bai kamata ta sa wa zanen nan almakashi ba. Amma dai ta ɗaura shi, kuma ni na ɗaura mata.