Baƙon Ɗakin Ƙasa

Mijina Sabo injiniya ne, mutum mai hankali a komai, in ban da ranar Asabar. Ranar Asabar yakan tashi daga gidanmu na Landover, a nan ƙasar Turawa, ya tafi unguwar Takoma Park, inda tsofaffin Turawa ke baza tarkacensu a ƙofar gida, ya dawo rungume da faya-fayan garmaho. Da na kiɗa ne da sauƙi. Waɗannan na surutu ne: wani Bature ya yi ta magana a hankali, wai ka rufe ido, jikinka ya mutu, ka shiga wani irin barci, in ka farka ka daina shan taba ko tsoron likitan haƙori. Sabo ko ashana bai iya ƙyastawa ba, amma yana da na daina taba kala-kala. Kuma kullum sai ya zaunar da ni ya ba ni tarihin kowane faifai, ni kuwa in ce, "Don Allah ka ƙyale ni."

A 2011 na haifi Afnan, Ummata ta zo daga Kano yi min wankan jego, shekara guda bayan rasuwar Babanmu. Tun da ta sauka ba ta barci. Muka ce canjin lokaci ne, wata ya wuce. Na kawo mata magani daga asibitin da nake aiki, ta ce ita ba marar lafiya ba ce. Idanunta suka faɗa, ta rame, rannan ta ce, "Rumasa'u, a gyara min tikiti, gida zan koma."

Hankalina ya tashi. Hutuna ya kusa ƙarewa, ba ni da mai riƙe min jaririya, kuma gaskiya ko da akwai, uwata nake so. Haushin duk sai na sauke shi a kan faya-fayan. Na ce ɗakin ƙasa, na ƙarƙashin gidan inda faya-fayan suke, ya fi shiru, can zan mayar da Umma ko za ta runtsa, tarkacen nan kuwa motar masu karɓar kayan sadaka za ta kwashe su ranar Asabar. Sabo ya dube ni kamar na ce a yanka shi, amma ya ɗaure su a kwalaye, muka jera a bakin titi. Guda ɗaya ya ɓoye, wai na ban kwana.

Ranar Asabar ɗin bayan azahar ina ba Afnan nono sai ga Umma da mayafi, ranta a ɓace.

"Wane baƙo ne a ƙasa?"

"Babu kowa, Umma."

"Babu kowa? Ta ramin nan da iskar ɗumi ke shigowa ɗakina nake jin sa. Dattijo tun ɗazu yana magana, ko ruwa ba ki kai masa ba. Haka na koya miki?"

Kafin in buɗe baki ta zuba kunun kanwa a kofi, ta ɗora a faranti, ta nufi matakala. Na bi ta da yarinya a kafaɗa.

Sabo dai tun zuwan Umma yake gudun ta, irin na suruki mai kunya. In tana falo yana kicin, in tana kicin yana mota. Ashe yana ɗakin ƙasan, ya kunna faifan da ya ɓoye. Da ya ga ta shigo sai ya zube a ƙasa, ya durƙusa, ya sunkuyar da kai. Umma ta duba lungu-lungu, ba baƙo, sai baƙin faifai yana juyawa. Sabo ya miƙa hannu zai ɗage allurar.

"A'a," in ji Umma. "Ba a katse babba yana magana."

Ta ajiye kunun a gaban na'urar, ta zauna a kujera. Umma ba ta jin Turanci ko na gaisuwa. Baturen yana cewa hannuwanka sun yi nauyi, sai ya yi shiru, Umma ta ce, "To." Ya ce ka hango koriyar ciyawa a gabanka, ta ce, "Haka ne." Ya ce ƙwallon zai tafi inda ka aike shi, ta ce, "Allah Sarki." Na leƙa kwalin faifan: na ƙwarewa a wasan golf ne! Na toshe bakina da zanin goyo don kada dariya ta ƙwace min.

"To" ɗin ya yi ta raguwa. Can sai kanta ya jingina, mayafin ya zame, wallahi Umma ta fara minshari.

Sabo kuwa yana nan durƙushe, don ba ta sallame shi ba. Ƙafafunsa suna rawa, gumi na zuba, yana min alama da ido in cece shi. Na ce a raina, sha, ai kai ka sayo. Sai na ji ƙarar babbar mota a waje.

Inna lillahi! Na dangwara masa Afnan a hannu, na haura a guje, mai jego da ni, ba takalmi. Direban ya riga ya ɗora kwali na ƙarshe. Na tare gaban motar ina ɗaga hannu, ina rantse masa kuskure aka yi. Ya ce da safe wata mata ta ce masa shara ce. Na ce ni ce matar, kuma na canza ra'ayi, ko akwai doka? Ya sauke su yana girgiza kai, maƙwabciyarmu Constance tana kallo ta taga.

Umma ba ta farka ba sai dab da magariba. Ta miƙe, ta ga Sabo zaune a ƙasa da jaririya tana barci a cinyarsa, ta ce, "Kai kuma me ka zauna yi? Tashi mana." Ya tashi da ƙyar, yana dafa bango.

Da muka hau sama na ce, "Umma, in fassara miki abin da yake cewa?"

"Me zan yi da shi? Babanki tun aurenmu in ya kwanta sai ya yi min bayanin takin zamani da injin ban ruwa, irin na aikinsu na gona. Ban taɓa fahimtar ko ɗaya ba. Ina dai cewa to, har barci ya ɗauke ni." Ta gyara ɗaurin ɗankwalinta. "Tun da ya tafi ɗakin ya yi shiru da yawa, shi ke nan."

Hawaye suka zubo min.

Ta ce, "Akwai wasu faya-fayan irinsa?"

"Kwalaye, Umma."

"To a bar maganar tikitin tukuna."

Bayan mun ci tuwo, Sabo yana shafa man zafi a gwiwa, ya fara: wai shi wannan faifan a Chicago aka buga shi, mai maganar asalinsa dillalin inshora ne. Ya tsaya, yana jiran in ce ya ƙyale ni.

Na gyara filo, na ce, "To."