Sunayen Kaikai Arba'in da Uku

…kuma abin haushin, na'urar ba ta yi ƙarya ba. Maharazu yana zaune a ofishin ƙungiyarsu ta manoma a Kankia, layukan manhajar da ya rubuta da hannunsa suna kallonsa daga allon kwamfuta. Tambaya ɗaya tak 'yar manhajarsa take aika wa manhajar ofis kan duk takardar da ta buɗe: wannan jadawali ne ko rubutu? In jadawali ne, a kwashi sunaye a zuba cikin masu karɓar iri. In rubutu ne — wasiƙa ce, a tura ta gefe. Wa ya ce duk rubutu wasiƙa ne? Shi. Shi da kansa, gwanin na'ura, sarkin ɗaga kafaɗa.

Sunayen manoman ƙauyen Kaikai arba'in da uku… Hadijatu mai buga takardu ta jera su tsaf, amma a cikin takardar rubutu. Ai ta tambaye shi! Tana tsaye a bakin ƙofar nan: "Malam Maharazu, ko a wace irin takarda na buga, na'urar za ta karanta?" Ya ce ko a allo ta rubuta da tawada. Har da dariya.

An raba irin gero ran Talata, ruwa ya sauka Alhamis. Mawashi sun shuka, Rimaye sun shuka. Dattijon nan na Kaikai da ya zo a kan keke da buhu a naɗe — a naɗe ya koma da shi.

Jiya Alhaji Lawal, shugaban ƙungiya, ya daka wa Hadijatu tsawa a gaban kowa, ya ce ƙarshen wata ta ajiye makulli. Gogan naka yana wurin, ya duƙufa kan waya, ko uffan. An ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, amma ga wata tana jiƙewa a madadinsa. Kunya yake ji. Layi huɗu ya ƙara wa manhajar da safen nan — in rubutu ne, a leƙa ko da jeri a ciki. Minti goma! Sunayen sun fito. In ya ja bakinsa, wa zai sani?…

Ga Hadijatu ta shigo, idanu a kumbure, riƙe da littafi da biro. Ba faɗa ta zo yi ba. So take ya nuna mata inda ta yi kuskure, kada ta sake yi a wani wurin, in Allah ya ba ta aiki. Ta ja kujera, ta buɗe shafi, tana jira.

Daga ina zai fara?