Sharar Injin Niƙa

Ranar ƙarshe ta horon koyon hira da tsofaffi, malama ta ce kowane ɗalibi ya kunna hirar da ya naɗo a kan abincin mutanen da, sannan ya faɗi abin da ya koya. Auta ta zauna a gaba tana yatsina fuska. Sati uku ana nanata musu abu ɗaya: ka yi tambaya, ka kame bakinka, ka bar tsoho ya yi magana. Amma ina!

Dogo ya kunna tasa, ba ka jin komai sai ƙarar taunarsa, don a bakin tukunyar gwaggonsa ya yi hirar, yana ci yana tambaya. Mai Gilashi kuwa ita ke tambaya, ita ke ba da amsa, dattijon sai "haka ne" kawai yake samu ya jefa. Auta ta ja tsaki har sau biyu. Wallahi an ɓata lokacin tsofaffi.

Ita da kakarta ta yi hira, kuma ba ta ko saurari abin da ta naɗo ba, don ta tabbata tata ta fi. Ta danna na'urar naɗar murya.

Muryar Kaka ta cika ajin, a hankali. Tana ba da labarin shekarar yunwa, wanda ko 'ya'yanta ba ta taɓa ba su ba. Ta ce takan roƙi mai injin niƙa ya bar ta ta share ƙasa, ta kwashe garin da ya zube, ta zauna tana tsince kashin ɓera da tsakuwa. "Shi na dafa wa uwarki, tana da shekara uku. Ƙanenta kuwa..."

Sai wata murya ta faɗo a kai, da ƙarfi: "Tir! Haba Kaka, wannan ƙazanta haka?"

Muryar Auta ce. Daga nan Kaka ta yi gyaran murya, ta koma bayanin yadda ake soya albasa.

"Wane ƙane?" malama ta tambaya.

Auta ba ta sani ba. Ba ta ma san uwarta ta taɓa yin ƙane ba. Ta ɗauke na'urar ta fice.

Da ta isa gida ta tarar da Kaka a kicin, ta durƙusa ta ce, "Kaka, don Allah ki ƙarasa mini labarin nan."

"Wane labari? Ai na manta."

Kaka ta ɗauko faranti cikin waɗanda take ajiye wa baƙi, ta wanke shi sau biyu a gaban Auta, ta goge, ta zuba mata abinci ita kaɗai. Sannan ta ja tsohon kwanon da suka saba ci tare, ta juya baya ta fara ci.