Wuƙa Biyu a Rumfar Datti

Wuƙaƙen suna jere bisa buhu a gaban rumfar Datti maƙeri, rana na dukansu suna ƙyalli kamar kifin da aka shanya. Musbahu ya daɗe a tsugune yana kallonsu. Shekararsa arba'in da uku, ban da lauje da wuƙar yanka kaza bai taɓa riƙe wani abu mai kaifi ba.

Kwana goma sha tara ke nan da binne ƙanensa Taufiq. Shanu ne suka faɗa masa gonar albasa a bakin kanal ɗin ban ruwa, ya tare makiyayin, cacar baki ta zama kokawa, aka soke shi da wuƙa. Kafin a kai shi asibiti a Kura jini ya ƙare masa. Ba wanda ya ga fuskar makiyayin. Wasu sun ce baƙo ne mai wucewa. Amma fushi ba ya tsayawa tambaya. Washegari samari suka cinna wa rugar da ke bayan gari wuta. Tun ranar matar Musbahu, Mansura, ta ce ba zai sake zuwa ban ruwa hannu rabbana ba, yau kuwa da kuka ta fito da shi.

Ya ɗauki wata doguwa mai kube ja, ya zaro ta da ƙyar.

"Wannan ba taka ba ce."

Bai buƙaci waiwayawa ba. Muryar Hamma ce, Bafulatanin rugar da aka ƙona, wanda suka yi shekara ashirin suna hulɗa. Duk kaka, in Musbahu ya yanke shinkafa, shanun Hamma ne ke cinye bambaron su bar masa taki. Ba su taɓa yin ciniki a kai ba. Ranar sunan 'yar farin Musbahu, Hamma ne ya feɗe ragon.

Hamma ya tsuguna, ya bar tazarar mutum ɗaya a tsakaninsu. Ya rame, kuma akwai ƙuna a bayan hannunsa da bai gama warkewa ba.

"Ya haƙuri, Musbahu? Allah Ya jiƙan Taufiq, Ya sa ya huta."

"Amin. Haƙuri sai ma'abocinsa."

"Na so zuwa gaisuwa. Na zo har gadar kanal, na hango mutane, na juya."

"Gara da ka juya," in ji Musbahu. Ya kalli hannun. "Ya Inna Asta?"

"Mun fito da ita da rai. Hayaƙin ne ya zauna mata a ƙirji. Ran Talata muka kai ta makwancinta."

Musbahu ya ajiye wuƙar a hankali. Mahaifiyar Hamma, tsohuwar da ke aiko masa da man shanu duk azumi, ta rasu ba wanda ya gaya masa. Ya buɗe baki, salati kawai ya iya fitowa. Datti ya sunkuyar da kai ya ci gaba da zuga wutarsa.

Can Hamma ya miƙa hannu ya ture doguwar gefe.

"Mai tsawo ta mai nuna isa ce. Kafin ka zaro ta an riga an kai ka ƙasa, ko a ƙwace a juyo maka da ita." Ya laluba cikin jerin, ya ɗauko wata gajera, ya gwada kaifin a farcensa, ya mayar. Ya ɗauko wata. "Kai kullum hannunka a jiƙe yake da laka. Nemi mai ƙotar da aka naɗe da fata, ba ta zamewa. Riƙe ka ji."

Musbahu ya karɓa. Ta zauna masa a tafin hannu kamar don shi aka ƙera ta, wannan kuwa shi ya fi komai ɗaga masa hankali.

"Ƙarfen sifirin mota ne," in ji Datti, ba tare da ya ɗago ba. "Ba ta lanƙwasa."

"Ka ɗaure ta a ƙugu ta hagu, ƙarƙashin riga," Hamma ya ci gaba. "Kada ka nuna ta don tsoratarwa. In da hanyar gudu, ka gudu. Ba wanda aka binne saboda ya gudu."

"Kai fa? Ai kana da taka."

"Ba tawa na zo saya ba. Ta Saliha ce."

Saliha matar Hamma ce. Ita ke kawo tallar nono cikin gari, kuma a tsakar gidan Musbahu take sauke ƙwaryarta ta yi azahar tare da Mansura.

"Shekaranjiya aka bi ta da jifa a hanya," in ji Hamma. "Nonon kuwa dole a sayar, da shi muke ci."

Ya zaɓi wata 'yar ƙarama wadda za ta ɓuya a ƙullin zane. Musbahu ya so ya ce ta riƙa biyowa ta gidansa kamar da, shi zai raka ta. Sai ya tuna samarin da ke zama a ƙofar gidan tun ranar rasuwa, 'ya'yan 'yan'uwansa ne duka. Ya haɗiye maganar.

Kowa ya sallami maƙerin. Suka miƙe tare, suka tsaya a bakin hanya, babura na wucewa da kwandunan tumatir.

"Yaushe kake ban ruwa yanzu?" Hamma ya tambaya.

"Daga fitowar rana zuwa hantsi."

"To, zan riƙa kawo shanu shan ruwa bayan azahar. Na ja wa mutanena kunne, amma ba kowa ke jin magana ba, naka ma haka. In ba mu haɗu ba, ba wanda zai ga ɗayanmu ya gaida ɗaya."

Musbahu ya gyaɗa kai. "Bayan azahar ba za ka gan ni ba."

Suka yi musabaha. Hamma ya bi hanyar Bunkure, bai waiwayo ba. Musbahu ya tsaya har ya ɓace masa cikin 'yan kasuwa, sannan ya ɗaga riga ya ɗaure wuƙar a ƙugu ta hagu.